Takobin Laftanar O'Bannon: Kyautar Ɗan Sarkin Tarabulus ce, ko Labari ne da Aka Gina Daga Baya?

Malam Sani:
Assalamu alaikum, 'yan uwa mazauna wannan zaure. Kwanakin baya na kalli bidiyon bikin da rundunar sojojin ƙundumbala na ruwa ta Amurka, wadda ake kira Marin, take yi kowace ranar 10 ga Nuwamba domin tunawa da kafuwarta a 1775, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne takobin da babban hafsa ya zare ya yanka kek ɗin bikin da shi. Takobin, wanda ake kira takobin Mamluk, lanƙwasasshe ne, ƙotarsa fara tas, kai ka ce daga fadar wani basarake na Masar ko Istanbul ya fito. Da na bi diddigi sai na tarar ana danganta shi da wani Laftanar Presley O'Bannon, wanda aka ce wani ɗan gidan sarautar Tarabulus, babban birnin Libiya a yau, ya ba shi kyautar irin wannan takobi a 1805. Ina roƙon masana tarihi da ke cikinmu su warware mana: yaya aka yi ƙaramin hafsa Ba'amurke ya sami takobin sarakunan Musulmi, kuma labarin kyautar tabbas ne?

Hajiya Rabi:
Wa alaikumus salam, Malam Sani. Kafin a zo ga takobi, dole a san rigimar da ta haife shi. Gidan Karamanli ya mulki Tarabulus daga 1711 zuwa 1835, a ƙarƙashin inuwar Daular Usmaniyya ta Turkiyya amma da cin gashin kansa, kuma ɗaya daga cikin hanyoyin samun kuɗinsa shi ne karɓar haraji daga ƙasashen da jiragensu ke ratsa Bahar Rum. Yusuf Basha, wanda ya ƙwace gadon sarauta daga hannun wansa Ahmad a 1795, ya nemi Amurka ta ƙara masa kuɗi lokacin da Thomas Jefferson ya hau mulkin Amurka, da aka ƙi sai ya sa aka sare sandar tutar Amurka a gidan ƙaramin jakadanta cikin watan Mayun 1801, wanda a al'adar wurin shelar yaƙi ke nan. A watan Oktoban 1803 babban jirgin yaƙin Amurka mai suna Philadelphia ya maƙale a gaɓar Tarabulus, aka kama mutanensa kusan 300.

To, a nan ne William Eaton, tsohon ƙaramin jakadan Amurka a Tunis, ya kawo dabarar a nemo Ahmad, wanda Turawa ke rubutawa Hamet, a taimake shi ya karɓi gadonsa. An same shi yana fake a wurin shugabannin Mamluk, wato mayaƙan doki da suka daɗe suna riƙe da Masar, a kudancin ƙasar. A farkon watan Maris na 1805 suka tashi daga kusa da Iskandariyya da mutum wajen 400, yawancinsu mahayan Larabawa tare da wasu sojojin haya Girkawa, kuma 'yan rundunar Marin a cikinsu takwas ne kacal har da O'Bannon kansa. Sun shafe kusan kwana 50 suna keta hamada tsawon kilomita wajen 800, abinci ya ƙare, masu raƙuma suka yi ta bore saboda rashin biya, sannan ranar 27 ga Afrilu suka afka wa birnin Darna da ke gabashin ƙasar Tarabulus, jiragen Argus da Nautilus da Hornet suna ruwan igwa daga teku. O'Bannon ne ya jagoranci kutsawa cikin ganuwar tashar jiragen ruwa ya kafa tutar ƙasarsa. Domin mu gane zamanin da kyau, a shekarar ce mayaƙan jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi na Gwandu suka ci Birnin Kebbi.

Wannan duka tabbatacce ne a rubuce. Batun kyautar takobi kuwa, ku lura da yadda littattafai masu taka-tsantsan ke kawo shi: cewa suke yi al'adar rundunar ta ruwaito. A wurin mai nazarin tarihi, wannan lafazi yana nufin a yi hattara.

Baba Audu:
Hajiya, Allah ya ƙara ilimi, amma ni da na yi shekara 30 ina sanye da kaki, zuciyata ba ta yarda a kira wannan abu tatsuniya ba. Duk wanda ya taɓa kwana a daji da wani, suka raba ruwan gora ɗaya, ya san irin ƙaunar da ke shiga tsakaninsu, kuma ya san cewa idan aka zo rabuwa mutum yakan ciro abin da ya fi so ya miƙa wa ɗan uwansa. Ba a kiran magatakarda a ce ya rubuta. Ahmad ya zauna cikin Mamluk, don haka ba abin mamaki ba ne a ce irin takobinsu yake rataye da shi, kuma ya ga yaron nan ya shiga wuta saboda shi. Me kuma sarki marar gari zai bayar in ba takobinsa ba? Runduna ba ta riƙe labari shekara 200 a banza.

Hajiya Rabi:
Baba, ban ce ƙarya ba ne, kuma hujjarka a kan zaman Ahmad cikin Mamluk hujja ce mai ƙarfi, na karɓe ta. Abin da nake so a bambance shi ne tambayoyi biyu da ake cakuɗawa. Ta farko, an ba O'Bannon takobi? Mai yiwuwa ne ƙwarai. Ta biyu, saboda wannan kyautar ce rundunar ta ɗauki samfurin? A nan ne nake da ja. Sai a 1825 kwamandan rundunar, Archibald Henderson, ya tsayar da shi a matsayin takobin hafsoshi, aka fara rabawa a 1826, wato shekara 21 bayan Darna, alhali O'Bannon ya ajiye aiki tun 1807 ya koma jihar Kentaki, inda ya yi wasu shekaru a majalisar dokoki, a can kuma ya rasu a 1850. A tsakanin nan kuwa wani abu ya faru a Turai: tun da Napoleon ya kai yaƙi Masar daga 1798 zuwa 1801 ya gamu da mahayan Mamluk, hafsoshin Faransa da na Ingila suka shiga yayin lanƙwasasshen takobin gabas. Wellington, babban janar na Ingila, da kansa irinsa yake riƙewa, kuma a 1831 Ingila ta mai da shi takobin janar-janar ɗinta, ga shi su ba su je Darna ba. Saboda haka ina ganin yayi ne ya kawo samfurin, sunan Darna kuma ya ba shi daraja da dalilin da za a faɗa wa sababbin shiga.

Baba Audu:
Idan yayi ne kawai, ɗiyata, me ya sa da aka soke shi a 1859 aka ba su takobin sojojin ƙasa, hafsoshin ba su haƙura ba sai da aka dawo da shi a 1875? Yayi wucewa yake yi, ba a yi masa kewa. Abin da mutum ya ɗauka asalinsa ne, shi yake nema idan an raba shi da shi.

Hajiya Rabi:
Wannan gaskiya ne, Baba, kuma ya nuna cewa zuwa lokacin takobin ya riga ya zama alamar da suke bambanta kansu da ita daga sauran rundunoni. Sai dai hakan shaida ce a kan abin da mutanen 1875 suka yi imani da shi, ba ta kai mu ga abin da ya faru a gaɓar Darna ba. Mu da muka tashi da karatun hadisi mun san wannan ma'auni: ana duba matani, ana kuma duba isnadi, wa ya ji daga wa, har a kai ga wanda ya gani da idonsa. Takobin O'Bannon da isnadinsa ya inganta shi ne wanda jiharsa ta haihuwa, Bajiniya, ta sa aka ƙera masa domin karramawa, mai ƙota ta azurfa da siffar kan gaggafa, an zana sunansa a jikin ruwan. Wannan akwai shawarar majalisa a bayansa, ga kuma rubutu a jikinsa. Abin lura shi ne, ba shi ne ya yi suna ba, sai wancan da labarinsa ya fi daɗin faɗa.

Laminu:
Salamu alaikum daga Damagaram. Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma ina ganin an tsallake ɓangaren da ya fi ciwo. A ce ma kyautar ta tabbata, to me aka saka wa mai kyautar da shi? Yayin da Ahmad da mutanensa suke tsare da Darna suna korar rundunar da Yusuf ya aiko, wani jami'in Amurka mai suna Tobias Lear yana can yana sulhu da Yusuf ɗin. A watan Yunin 1805 aka sa hannu, Amurka ta biya dala 60,000 kuɗin fansar fursunoninta, aka kuma yarda za a janye daga Darna. Cikin dare aka kwashe Eaton da O'Bannon da Girkawa da Ahmad da 'yan fadarsa kaɗan zuwa jirgi, a ɓoye, aka bar mahayan Larabawa da mutanen gari waɗanda suka yi mubaya'a su fuskanci fushin Basha. Har da wani sharaɗi na sirri da ya ba Yusuf shekara huɗu kafin ya saki matar Ahmad da 'ya'yansa da yake garkuwa da su. An kai Ahmad Sirakusa ta tsibirin Sisili, daga ƙarshe ya ƙare rayuwarsa a Masar ba tare da ya hau gadon da aka yi masa alkawari ba.

Ni idan na ga wannan takobi ana yanka kek da shi, waɗancan mutanen da aka bari a bakin teku nake tunawa. Taken rundunar yana ambaton gaɓar Tarabulus, an sa wa jiragen yaƙi har uku sunan O'Bannon, amma ɗaruruwan da suka yi yawancin tafiyar da yawancin faɗan ba wanda ya ajiye sunayensu.

Baba Audu:
Laminu, maganarka ta taɓa ni, kuma ba zan musa ba. Sai dai ka ɗora laifin inda ya dace. Laftanar ba ya sa hannu a yarjejeniya, umurni ake ba shi ya shiga ya shiga, a ce ya fita ya fita. Eaton kansa, wanda harsashi ya fasa masa wuyan hannu a ranar, ya koma gida yana ta kukan cewa an ci amanar Ahmad har ya mutu a 1811. Soja ya san wannan ɗacin: kai ne kake duban idon mutanen da ka yi wa alkawari, wani kuma da ke zaune a inuwa shi ke warware shi.

Malam Sani:
Na gode muku duka. Ina so mu ɗan koma ga ƙarfen kansa, domin har yanzu ban gane me ya sa ake kiransa takobin Mamluk ba, da kuma abin da ya raba shi da namu. Alhaji Ɗanjuma, na san gidanku gidan ƙira ne, ko za ka taimaka?

Alhaji Ɗanjuma:
Malam, ni ba ɗan boko ba ne sosai, amma a bakin maƙera na tashi, zan faɗi abin da na sani. Takobinmu na ƙasar Hausa, wanda Buzaye ke kira takuba, miƙaƙƙe ne mai kaifi biyu, bakinsa a ɗan zagaye, ana rataya shi da hamila a kafaɗa, kubensa kuma aikin dukawa ne. Lanƙwasasshen mai kaifi ɗaya, wanda na ji dattawa suna kira bisalami, ba shi da yawa a wurinmu, akasari a hannun manya ake ganinsa. Amfanin lanƙwasar ga mahayi ne: idan doki na cikin sukuwa, kaifin yakan ja a kan abin da ya sara ya wuce, ba ya maƙalewa ya fizge hannu. Wanda kuke magana a kansa ƙotarsa ba ta da kariyar da ke rufe yatsu irin ta Turawa, sai wani ƙarfe da ya gitta kamar gicciye, ƙarshen ƙotar ya karkata gefe ɗaya domin ya tare ɗan ƙaramin yatsa, a tsofaffin kuma da hauren giwa ake lulluɓe ta. Na asali ruwansu ya fi lanƙwasa sosai, irin na Farisa da na Turkawa, masu kyawun cikinsu kuma za ka ga zane kamar gudanar ruwa a cikin ƙarfen, wanda daga narkarwar yake fitowa, ba da alƙalami aka yi shi ba. Na hafsoshin yanzu lanƙwasarsa kaɗan ce, domin ado da fareti aka yi shi.

Hajiya Rabi:
Alhaji ya yi bayani mai gamsarwa. In ƙara a kan sunan: kalmar mamluk a Larabci tana nufin wanda aka mallaka, wato bawa, domin asalinsu yara ne da ake sayowa daga yankunan Turkawa da Kaukasus a horar da su yaƙi, har suka kafa daular da ta mulki Masar da Sham daga 1250 zuwa 1517, ragowarsu kuma Muhammad Ali ya hallaka su a ganuwar Alƙahira a 1811. Akwai abin tunani a nan. Amurka ta tafi yaƙi tana kukan an bautar da matuƙanta, a lokacin da ƙidayarta ta 1800 ta nuna bayi kusan 900,000 a cikin gidanta, Jefferson kansa yana cikin masu su. Tarabulus ɗin kuma wani kaso na arzikinta daga bayin da ake korowa ta hanyar Fezzan, a kudancin Libiya ta yau, daga Barno da ƙasar Hausa yake. Kowane ɓangare na labarin wannan takobi ka taɓa, sai ka tarar da bawa a ƙarƙashinsa.

Laminu:
Hajiya ta kawo mu gida, kuma dangantakar ta fi haka kusa. Yusuf Basha ɗin nan da aka kasa tumɓukewa ya ci gaba da mulki har 1832, kuma da izininsa da rakiyar mutanensa ne Turawan Birtaniya masu yawon bincike, Clapperton da Denham da Oudney, suka ratsa Sahara suka isa Kukawa wurin Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi a 1823, daga nan Clapperton ya wuce Kano, ya kai Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824. Hanyar da ta kawo su ita ce ke kawo ruwan takubba. Barth, Bajamushe mai yawon bincike wanda aka sani da Abdulkarim, da ya zauna a Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa ana shigo da wajen 50,000 a shekara, kusan duk waɗanda ya gani kuma ƙirar garin Solingen ne na Jamus, a Kano ake sa musu ƙota da kube a rarraba. Ashe Ba'amurke yana alfahari da takobin Musulmi, kakanninmu kuma suna hawan sallah da ƙarfen Jamus.

Zainab:
Ina gaida iyaye da malamai. Ni ɗaliba ce, kuma tambayata ta aiki ce. Idan yau wani ya fito da tsohon takobi a kasuwar gwanjo ya ce na wani hafsan Amurka ne na wancan zamani, ko ma ya ce na O'Bannon ne, ta yaya za a gane gaskiyarsa? Ina tambaya ne kuma saboda akwai wani a ɗakin kakanmu da ake cewa ya ga yaƙi, amma kowa da irin labarin da yake bayarwa.

Hajiya Rabi:
Zainab, abu na farko da masu wannan sana'a ke nema shi ne silsilar mallaka: wasiyya, takardar rabon gado, wasiƙa, rasiɗin saye, ko hoton zane da ke nuna mutumin riƙe da takobin, ta yadda za a bi shi hannu da hannu daga mai shi na farko zuwa yau ba tare da giɓi ba. Na biyu, a gwada abin da labarin: samfurin ya dace da shekarun da mutumin ya yi aiki? Alamar maƙeri ko ta kamfani da ke gindin ruwan ta wanzu a lokacin? Misali, wanda ya kawo takobi samfurin 1826 ya ce O'Bannon ya yi yaƙi da shi, ya kama kansa, domin mutumin ya bar aiki shekara 19 kafin nan. Na uku, rubutun suna shi kaɗai ba ya wadatarwa, domin shi ne abu mafi sauƙin ƙarawa, kuma masu ha'inci sun san suna yana ninka farashi. Ana duba ko tsufan da ke cikin ramin haruffan ya yi daidai da na sauran jikin ƙarfen. Game da na gidanku, ki zauna da kowane dattijo daban, ki naɗi muryarsa, ki rubuta ranar da sunan wanda ya ji labarin daga gare shi, ko da ruwayoyin sun saɓa wa juna. Takobin da ake dangantawa da Bayajida a fadar Daura ma labarin baka ne ya riƙe shi, kuma wannan bai hana shi zama abin girmamawa ba, sai dai kowane irin shaida da matsayinsa.

Alhaji Ɗanjuma:
Ɗiyata, ni kuma gargaɗi zan yi miki daga abin da ya same ni. Takobin mahaifina yana da alamar jinjirin wata guda biyu masu fuska a kusa da gindinsa. Wata shekara gab da sallah na ga ya yi duhu, na ba wani mai injin wasa wuƙaƙe ya gyara mini, ya dawo da shi yana ƙyalli kamar madubi, alamomin nan sun tafi gaba ɗaya. Har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci, domin da hannuna na miƙa shi, kuma abin da ya shekara fiye da 100 ya goge cikin minti kaɗan. Kada ki bari a sa masa dutsen wasa ko takardar yashi ko toka. Baƙin da ya kwanta a jikinsa ba datti ba ne, jan tsatsa mai ci shi ne abokin gaba. A share shi da tsumma mai laushi, a shafa ɗan man keken ɗinki siriri a ruwan kawai, kada man ya taɓa fata ko haure. Kada a riƙa kama ruwan da hannu, domin gumi na barin tabo. Idan damina ta shigo a zare shi daga kube a ajiye su gefe da gefe a wuri busasshe, saboda fata tana riƙe laima. Kuben ma kada a sake shi don ya tsufa, ɗinkin baduku da irin rininsa sukan nuna garin da aka yi aikin.

Baba Audu:
Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Hajiya, na saurari hujjojinki kuma na yarda cewa yayin Turai yana da hannu a zaɓin Henderson, amma ina nan a kan cewa Ahmad ya bayar da takobin. Abin da Laminu ya faɗa ma ya ƙara mini tambaya: kafin a kwashe su cikin dare ya miƙa shi, lokacin yana ganin gadon ubansa ya kusa, ko bayan ya gane an sayar da shi? Idan bayan ne, to kyautar ta fi nauyi a idona.

Zainab:
Na gode, Baba Alhaji, na gode Hajiya. Na je na duba namu da yamman nan ba tare da na goge komai ba. Miƙaƙƙe ne, akwai kwari uku a tsakiyar ruwan, kuma a gindinsa akwai wata alama kamar dabba tana gudu, ta kusa shafewa. Gobe in Allah ya kai mu zan ɗauki hotonta da rana in sa a nan, sannan ranar Juma'a zan fara da yayar kakana, domin ita ce mafi tsufa a gidan.